Zaren Da Ya Kamata Ya Tsinke

Ƙofar Sauri, Katsina.

Zuwa ga ɗana Kabiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka ka sauka Patigi lafiya. Yaya gajiyar hanya? Yaya baƙunta, yaya mutanen da ka tarar? Allah Ya haɗa ka da na kirki a cikinsu, Ya sa ka fara koyarwarka a sa'a, Ya tsare ka a tudu, Ya tsare ka a ruwa.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda a cikin jakar keken fatsa, alhali har ranar tafiyarka gida ɗaya muke kwana. Ka san halina. In abu ya dame ni, ko dai in yi gum, ko in ɗaga murya, kuma duka biyun ba sa isar da saƙo. A rubuce kuwa ina iya komawa in duba ko na faɗi daidai. Karatun nan da na ja a ranakun Asabar da Lahadi har Allah Ya sa na gama shi bana, shekara ɗaya da kai, in bai koya mini komai ba ya koya mini wannan. Kai an tura ka bautar ƙasa bakin kogin Kwara, ni an ce furfura ta cece ni, in koma shagona na Ƙofar Ƙaura in ci gaba da gyaran kekunan ɗinki. To na koma. Amma hankalina ya bi ka.

Ga abin da ya sa ni rubutu. Ranar da na ce na ba ka keken fatsa ka tafi da shi, na ga murnarka, kuma na ji daɗi. Ummanka ce ta raɗa wa ɗan injin nan mai naɗe zare wannan suna tun farko, don ta ce kukansa irin na keken ɗinki ne, kuma ta ce in dai ka tafi da shi ta huta da warin kifi. Washegari sai ka shigo tsakar gida da wani zare mai kauri, saƙaƙƙe, kore, wanda ka sayo. Ka miƙo mini ka ce, "Baba, duba wannan. Ko jaki aka ɗaura ba ya tsinkewa. In na ɗaure birkin keken tamau, giwan ruwa sai dai ya biyo ni gida." Ƙannenka suka yi ta dariya. Ni na juya zaren a hannuna, na ce "Uhm," na tashi na tafi masallaci tun ba a kira salla ba. Ka ɗauka fushi na yi. Ba fushi ba ne, Kabiru. Tsoro ne ya kama ni, kuma zan zo ga dalilinsa. Amma bari in fara da ƙananan kurakuraina, don su ma za su amfane ka, kuma don in samu in tattara kaina.

Keken nan a cikin tarin kayan gwanjo na tsince shi, ina neman kan tsohon keken ɗinki. Ban ma san na kamun kifi ba ne sai da Isiyaku, abokina ɗan acaɓa da kuke kira Baba Isiyaku, ya gaya mini, don shi ya taɓa zama Legas. Kuskurena na farko shi ne na ga ni mai gyara ne, babu injin da zai gagare ni. Na zauna a kan tabarma a tsakar gida, kusa da inda Ummanka ta shanya garin masara, na kwance shi gaba ɗaya. A gefen wannan lanƙwasasshen ƙarfen da yake ɗora zare a kan kwarkwaro akwai wani ɗan sifirin, bai kai farcen ɗan yatsa ba. Ina ɗaga murfinsa ya yi tsalle. Na ji ƙararsa, ban ga inda ya faɗa ba. Na share tsakar gidan nan da hannuna, na kaɗe tabarma, har takalman mutane na juye. Sai da aka zo tuƙa tuwo Ummanka ta leƙo daga kicin da rariya a hannu ta ce, "Malam, wannan naka ne ko na masu niƙa? In naka ne ka gode wa Allah ina tankaɗe, da a cikin ɗanka za ka neme shi."

Saboda haka in za ka buɗe shi, ka nemi babban faranti, ka shimfiɗa farin ƙyalle a ciki. Duk abin da ka cire ka ajiye shi daga dama zuwa hagu, bi da bi, in ka zo mayarwa ka faro daga hagu. Kafin ka cire kowane abu ka ɗauke shi hoto a waya, abin da ni ban samu ba a lokacin. Wurin sifirin ɗin kuwa, ka sa keken da hannuwanka a cikin farar leda sannan ka ɗaga murfin, in ya yi tsalle a ledar zai tsaya. Hannun keken baya ake juya shi ya kwance. In ka ji ya ƙi, ka tsaya ka duba, kada ka sa ƙarfi. Yawancin abin da aka kawo mini shago a karye, ba tsufa ne ya karya shi ba, wani ne ya ji ya ƙi ya ƙara ƙarfi.

Kuskure na biyu, giris. Na ga haƙoran cikinsa ƙanana, na tausaya musu, na karɓi giris na babur a wurin Isiyaku na cika cikin keken taf. A tunanina gata na yi masa. Da muka je dam ɗin Ajiwa sai hannun ya yi nauyi kamar ana tuƙa tuwo. Wannan ma da sauƙi. Na ajiye shi a ƙasa ina sa tana a ƙugiya, yashi ya samu giris ɗin da ya tsattsafo ya manne, ya bi shi ciki. Yashi da giris in suka haɗu sun zama abin wasa wuƙa. Kafin in farga sun ci gefen haƙoran, kuma wannan ɗan gurnanin da kake ji in kana naɗewa, tun daga ranar ne. Ban tsaya nan ba. Na zo wankewa na tsoma shi a fetur, robar hannun ta kumbura ta tsage. Katakon da ka gani a wurin, wani masassaƙi ne a Ƙofar 'Yandaka ya fiƙe mini shi.

To ka riƙe wannan. Haƙora suna son giris mai laushi, ɗan kaɗan, a shafa da tsinke har su yi ƙyalli kawai. Boris kuwa, wato zoben ƙarfe mai 'yan ƙwallaye da ke sa abu ya juya da santsi, ɗigo ɗaya na man keken ɗinki ya ishe shi, na sa maka ƙaramar kwalba a aljihun jakar. Kada ka manta da ɗan ƙaramin gangaren da zare yake bi ta kansa, shi ma ɗigo ɗaya, don in ya daina juyawa zai murɗe maka zare. Ƙarfe za ka iya wanke shi da kananzir, roba kuwa ruwa da sabulu. In ka dawo daga kogi ka goge shi da jiƙaƙƙen ƙyalle, kada ka tsoma shi a bokiti, ka bar shi ya bushe a inuwa. Rana tana cin zaren roba, sai ya yi fari ya riƙa karyewa. Kuma kada ka taɓa ajiye shi a kan yashi. Ka cire hularka ka ɗora shi a kai in babu wani abu.

Yanzu ga babbar maganar.

Ka san tabon da ya zagaye yatsuna biyu na hannun dama. Ka kuma san labarinsa, amma yadda Baba Isiyaku yake ba da shi ka sani. Duk sallar da ya zo gidan nan sai ya zaunar da ku ya ce, "Ku zo ku ji ranar da tarwaɗa ta je kamun mutum ta samu ubanku." Ku yi ta dariya, ni ma in yi, don haka ya fi sauƙi. Yau ina so ka ji shi daga bakin wanda yake cikin ruwan.

Kafin ranar, wata babbar tarwaɗa ta taɓa tsinke mini zare a Ajiwa. Na gan ta da idona, ta juyo da farin cikinta a saman ruwa, sannan zaren ya yi sako-sako. Isiyaku ya yi mini dariya tun daga bakin dam har Ƙofar Sauri, ina bayansa a kan babur ba halin in sauka. Abin ya tsaya mini. Na ce dole in inganta keken. A saman kwarkwaro, ƙarƙashin wannan marfin da ake murɗawa, akwai wasu 'yan washa jere. Su ne birki. Aikinsu shi ne in kifi ya ja da ƙarfi su bar kwarkwaro ya zame, zare ya fita a hankali yana kuka, kifi ya yi ta gudu har ya gaji. Na asalin wani ƙyalle ne mai laushi kamar bargo. Ni na ga laushinsu ne ya cuce ni. Na cire su, na je wurin dukawa aka yanka mini na fatar shanu mai tauri. Zaren kuma na sauya shi da irin wanda masu gyaran takalma suke ɗinki da shi, na ninka. Na gwada a shago, na ja da iya ƙarfina, bai tsinke ba, birki bai motsa ba. Na ji daɗi ƙwarai. Na ce wa Isiyaku kusan abin da ka ce mini a tsakar gida.

Ranar da abin ya faru ƙarshen damina ne, mun koma Ajiwa ni da Isiyaku, dam ya cika. Na tsaya a kan wani gangaren dutse da gansakuka ta rufe. An yi yayyafi da safe, fatar nan ta sha ruwa ta kumbura, birkin ya kame gaba ɗaya, ni ban sani ba. Da kifin ya ɗauka, keken bai yi kuka ba ko kaɗan. Sandar fatsar ta lanƙwashe, ta lanƙwashe, sai kanta ya ɓalle. A nan ya kamata in saki komai. Maimakon haka sai na kai hannu na cafke zaren, na naɗe shi a yatsuna. Ina so in faɗi gaskiya daidai: kifin bai fi ni ƙarfi ba, tarwaɗa ba ta jan babban mutum a kan busasshiyar ƙasa. Taki ɗaya kawai ta ja ni. Amma takin a kan gansakuka ya sauka, kuma bayan dutsen nan ruwa ne mai zurfi.

Kabiru, a ƙarƙashin ruwa babu sama babu ƙasa. Ja-ja ne kawai da sanyi. Na buɗe baki in yi salati ruwa ya shiga. Na yi ƙoƙarin warware zaren da ɗaya hannun, ya riga ya nutse cikin nama. Na fizga don ya tsinke, ya ƙi, domin ni da kaina na zaɓe shi don kada ya tsinke. Abin da ya zo mini a rai ba kifi ba ne, ba ma mutuwa ba ce. Kai ne. Lokacin kana tatata, kuma da safen ka riƙe ƙafar wandona kana kuka sai ka bi ni, na ɓamɓare hannunka na ce in na dawo zan kawo maka kifi. Wannan ɗan hannun nake ji a ƙafata.

Isiyaku shi ma bai iya ruwa ba. Ya shiga har wuya, ya damƙi gefen rigata, ya lalubo zaren ya yanke da wuƙar da muke yanka ƙoton da muke sa wa ƙugiya. Da ya jawo ni kan dutse ina amai, ya zauna gefe, ya ce, "Lawal, mi zan ce ma matarka? Don Allah mi zan ce mata? A kan kifi?" Sai ya fashe da kuka. Wannan wurin ba ya sa shi a labarin da yake ba ku.

Bara a aji, malaminmu yana bayani ya ce duk injin kirki, wanda ya ƙera shi yakan bar wuri guda mai rauni da gangan, don in nauyi ya yi yawa nan ne zai fara saki, sauran su tsira. Ya ba da misali da fis na lantarki. Ya ce wanda ya gaji da sauya fis ya ɗaura waya mai kauri a wurin, bai hana wuta ƙonawa ba, ya sauya mata abin da za ta ƙona ne kawai. Yara 'yan ajinmu suna ta rubutu, ni na ajiye biro ina kallon yatsuna. A kayan fatsa, birki shi ne na farko da ya kamata ya saki. In abin ya wuce shi, zare ya tsinke. In ka hana su biyun, sanda ce za ta karye, bayan sanda kuwa babu sauran abu sai kai.

Ba ina cewa kada ka inganta keken ba. Ni ma na inganta shi, kuma za ka ji bambanci. Robar da sandar hannun take juyawa a ciki ta cinye, na sa boris biyu a madadinta, na auna su sun zauna daidai ba girgiza. Washan birki kuma na sa aka aiko mini da na zamani, baƙaƙe sirara, waɗanda ruwa ba ya kumbura su. Na jiƙa su na gwada, na bushe su na gwada, zamewarsu ɗaya. Duk gyaran da zai sa keken ya yi santsi, ya saki zare ba tare da fizga ba, ka yi shi. Gyaran da zai hana shi saki ne nake roƙonka ka bari.

Na naɗa maka zaren roba a kwarkwaro, wanda aka rubuta kilo shida a kwalinsa, na bar ɗan fili kafin baki don kada ya zubo ya cukurkuɗe. Ƙa'idar ita ce birki ya saki a kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin zare, wato kilo biyu. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ka zuba lita biyu a jarka, ka ɗaura zaren a hannunta, ka ɗaga a hankali. In jarkar ta tashi sama keken yana shiru, birki ya yi tsauri, ka sassauta. Daidai shi ne tana fara barin ƙasa ka ji ya ce ƙirrr. In ka gama kamun ranar ka kwance marfin birkin gaba ɗaya kafin ka ajiye, don washan su huta, in za ka fita ka sake gwadawa.

Koren zarenka yana nan cikin kwalinsa a ƙasan jakar. Na ɗauke shi, na kai shi har ƙofar ɗakina, na dawo da shi. Kai ka saya, kuma kai ba yaro ba ne da zan ɓoye wa abu. Ka sani dai irinsa ya fi na masu takalma kaifi, in ya ja a kan fata yanka yake kamar reza. Zai yi maka igiyar shanya mai kyau. Akwai kuma ƙaramar wuƙa mai murfi da na ɗaura wa igiya. Ka rataya ta a wuya duk lokacin da za ka bakin ruwa, ba a aljihu ba, ba a jaka ba. Kuma ko mene ne ya faru, ko da sanda ta karye, kada ka naɗa zare a hannunka.

Wani abu kuma da yake damuna. Ƙasar Nufawa ka tafi, kuma ka san abokan wasanmu ne. Daga sun ji bakinka sun san Bakatsine ne, za su sa ka gaba. Za su ce ruwan da ka sani na randa ne da na 'yan garuwa. Ka rama, hakkinka ne, ka ce musu duk abin da ya zo bakinka, a yi dariya. Amma gaskiya suka faɗa, Kabiru. Mu nan ba mu da kogi, ba ka iya ruwa ba, ni ban koya maka ba don ni ma ban iya ba. Yaransu tun suna rarrafe suke cikinsa. Kada zolaya ta sa ka shiga kwale-kwale ba rigar kariya, ko ka tsaya inda suka tsaya don kada a ce ka ji tsoro. Dariyar Isiyaku ce ta kai ni wurin dukawa, kuma shi ba da mugunta ya yi ta ba. Kwara ba Ajiwa ba ce, ruwanta tafiya yake, giwan ruwa kuma ba tarwaɗa ba ne. Ka nemi wani dattijo cikin masunta ka gaishe shi da ladabi, ka tambaye shi inda ake tsayawa da inda ba a tsayawa. In da hali ka roƙi su koya maka iyo a wuri marar zurfi. Su yi maka dariyar a can, ta fi amfani.

Ummanka ba ta san na rubuta wannan ba, amma ta gan ni ina ɗaura wa wuƙar igiya. Ta tsaya a kaina ta duba igiyar, ta ce, "Malam, ka ƙara ƙulli ɗaya." Na ƙara.

Abu guda nake roƙo. Ba na son hoton kifi. In ka kama babba ka ci da abokanka, in ya tsinke zare ya tafi ka ce masa ya gaida gida, ka sa wata ƙugiyar. Abin da nake so shi ne, kafin ka fara zuwa bakin kogi, ka yi gwajin jarkar nan, ka kira ni, ka kara wayar a jikin keken. Ina so in ji kukan birkin da kunnena. Na san muryarsa, in ya yi tsauri zan gane, kada ka yi mini wayo. Daga na ji shi zan koma kan kekunan mutane da natsuwa, don tun ranar da ka nuna mini koren zaren nan nake ɗaura allura a juye.

Ummanka tana gaishe ka, ƙannenka suna gaishe ka, Baba Isiyaku ya ce a gaya maka ka fi ubanka hankali, ba abu ne mai wuya ba. Ka riƙe salla a kan lokaci, ka yi addu'a kafin ka taka bakin ruwa. Allah Ya yi maka albarka, Ya kare ka daga abin da ka gani da wanda ba ka gani ba, Ya sa ka gama lafiya. Yadda ka fita ta ƙofar gidan nan da ƙafafunka, Allah Ya dawo mana da kai ta cikinta, da yatsunka goma cif.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Lawal.